Mako Uku Muna Ɗiban Ruwan Teku

Daren da muka tashi daga Rekyabik, babban birnin Aislan, duhu bai zo ba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, amma ina tsaye a bayan jirgi ina karanta lambobin da ke jikin akwatunanmu ba tare da fitila ba. Watan Yuli ne, kuma a can arewa rana kan sunkuya ne kawai a irin wannan lokaci, ta sake ɗagowa. Sanyi kuwa yana ratsa riga biyu. Wasu tsuntsayen teku masu ruwan toka suka biyo mu, suna shawagi dab da ruwa, da kyar suke kaɗa fiffike.

Jirgin na bincike ne, ɗauke da masana da ɗalibai, ban da matuƙa da ma'aikatansa. Ni an ɗauke ni a rukunin masu auna kabon, aikina ɗiban ruwa da kula da na'ura ɗaya daga tsakar dare zuwa tsakar rana. Hanyarmu a miƙe take kamar an ja zare: mu bi layin digiri 20 yamma mu yi ta kudu, sai can ƙarshe mu karkata zuwa tsibirin Madera na ƙasar Fotugal. Masana teku suna kiran wannan layi A16, kuma tun shekarun 1990 ake komawa kansa kusan duk shekara goma. Da aka gaya mini haka, jin sa kawai na yi, ban ɗauke shi bakin komai ba.

Tambayar da ta tara mu guda ce. Cikin iskar kabon dayoksayid da ɗan'adam ke saki sama, ta ƙona kwal da man fetur da gas, da toya siminti, da sare dazuzzuka, nawa teku ke shanyewa? Amsar na daɗe da haddace ta: kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Muna sakin wajen tan biliyan 40 a shekara, teku na karɓar wajen tan biliyan 10. In kuwa kabon ɗin tsantsa aka auna, ban da nauyin oksijin da ke maƙale da shi, kusan tan biliyan 3 ke nan. Dazuzzuka da ƙasa suna ɗaukar nasu kason, saura kuma, wanda bai cika rabi ba, ya tsaya a sama yana ɗumama duniya. Na sha faɗin wannan a gaban jama'a. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne, wa ya auna, kuma da me? Teku ya rufe sama da kashi 70 cikin ɗari na fuskar duniya, matsakaicin zurfinsa ya kusa kilomita huɗu, ba shi kuma da ƙofar da za a ajiye mai gadi ya riƙa ƙirga abin da ke shiga.

Washegari jirgi ya ja ya tsaya a tsakiyar ruwa. Wannan shi ake kira tasha, ko da yake ba abin da ke wurin sai lamba a allon kwamfuta. Duk mil 30 na teku, wato kilomita 55 da ɗoriya, akwai tasha. Aka turo wani kejin ƙarfe da ya kai tsayin mutum, an jera masa goruna 24 na roba mai kauri a kewaye, kowane na cin wajen lita goma, bakinsu sama da ƙasa a buɗe. A ƙarƙashinsu akwai na'urar da ke auna zafin ruwa da gishirinsa da zurfinsa. Injin naɗe waya ya ɗaga kejin, ya leƙa da shi ta gefen jirgi, ya sake shi a hankali, muna kallo ya rikiɗe daga fari zuwa shuɗi, daga shuɗi ya ɓace. Yana sauka kamar mita 60 a minti, sai an zo mita goma da taɓa ƙasan teku a tsayar da shi. A hanyar dawowa ne mai kula da kwamfuta ke danna maɓalli, gora ɗaya ya rufe bakinsa a wannan zurfi, a ɗaga gaba, wani ya rufe. Inda ruwan ya yi zurfi sosai, zuwa da dawowa na cin sa'a huɗu.

Idan keji ya hau, ba a yi masa rububi. Akwai mai riƙe da takarda, shi ke ba kowa izini, kuma jerin ba ya canzawa. Da zarar an fara zuƙar ruwa daga gora, iskar waje ta shiga ta sama ta fara cuɗanya da shi, saboda haka wanda iska ta fi saurin ɓata wa aiki shi ne a gaba. Masu auna CFC, wata iskar masana'anta da ake sawa a firji, su ne farko, sai masu oksijin, sai mu masu kabon, sai masu sinadaran da tsirran ruwa ke rayuwa a kansu, masu gishiri su rufe baya.

Wanda ya koya mini ɗiban wani dattijo ne, ma'aikacin ɗakin gwaji da ya yi fiye da shekara talatin a wannan aiki. Baba nake kiran sa. Ka ɗauraye kwalbar gilashi sau uku da ruwan goran. Ka zura tiyo har gindinta, ka bari ta cika daga ƙasa ba tare da ruwan ya yi tsalle ba, ta tumbatsa ta yi ta zuba. Ka zare tiyo yana gudana. Ka rage ɗan kaɗan daga wuya, ka ɗiga gubar zaiba don ta kashe ƙananan halittun da ke ciki, in ba haka ba za su ci gaba da numfashi a kwalba su canza lissafi. Sannan ka toshe da murfin gilashi da aka shafa wa giris. Ruwan da ya fito daga can ƙasa bai kai digiri 3 ba, kafin ka gama kwalba goma yatsunka sun daina jin komai.

A dare na biyu na miƙa masa wata kwalba, ya ɗaga ta a gaban fitila ya juya.

"Ɗana, zubar."

"Baba, ɗan kumfa ne ƙwaya ɗaya, bai kai kan allura ba."

"Na gan shi. Zubar, ka sake."

Na zubar na sake, masu jiran layi suna tsaye cikin sanyi. Sai da muka koma ɗakin gwaji ya zaunar da ni ya yi mini lissafin. Kilo ɗaya na ruwan teku na ɗauke da narkakken kabon sama da maikromol 2,000 (maikromol ɗan mitsitsin ma'auni ne na yawan sinadari). Abin da ɗan'adam ke ƙara wa ruwan saman teku a shekara kamar maikromol ɗaya ne. Na'urarmu, in an kula da ita kamar ƙwai, kuskurenta na tsayawa a wajen biyu. Ashe shi ya sa ake jira shekara goma kafin a dawo: sai ƙarin ya taru ya kai goma sannan zai ɗaga kai sama da kuskuren na'ura. Kumfa ɗaya kuwa ya isa ya saci abin da aka jira shekaru ana nema. An ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, amma a nan ba a bar wa rabo komai ba.

Na'urar kanta aikinta a fili yake. Ta ɗebi ruwa daidai gwargwado, ta zuba masa asid, duk kabon da ke narke ya koma iska, a kore shi da naitirojin zuwa cikin wani sinadari, a ƙidaya shi da yawan wutar lantarkin da aka kashe kafin launin sinadarin ya koma yadda yake. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wasu kwalabe da Baba ke ajiye su daban, ba ya barin kowa ya taɓa. Ruwan Tekun Fasifik ne, daga ɗakin gwajin Andrew Dickson a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya, an riga an auna kabon ɗinsa da matuƙar taka-tsantsan an rubuta a takarda. Kowace rana sai mun buɗe ɗaya mun ba na'ura. In ta faɗi abin da ke takardar, mu ci gaba, in ta kauce, aiki ya tsaya. Jiragen Japan da na Jamus da na Ostireliya duk irin ruwan nan suke buɗewa. Da shi ne awon da aka yi a wani teku, ko a wani zamani, ke iya zama kusa da namu a kwatanta.

Kwana uku da tashinmu ruwan ya canza launi. Daga shuɗi mai duhu ya koma tsanwa-tsanwa mai fari, kamar an kaɗa alli a ciki, har iyakar ganin ido. Allin ne kuwa. Wasu tsirrai ne da ido ba ya gani, masu suturta jikinsu da ɓawon alli, sukan yi ambaliya a kudancin Aislan a wannan lokaci na shekara. Na daɗe a jingine da ƙarfen jirgi ina kallo.

A ranar ne kuma na fara jera sakamakon gorunanmu daga sama zuwa ƙasa, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Hayaƙinmu ta sama yake shiga teku, don haka na sa rai ruwan sama ne zai fi kabon. Sai ga akasin haka. Ruwan sama shi ne mafi ƙarancinsa, na ƙasa ya fi shi nesa ba kusa ba. Na ɗauki takardar na sami shugabar tafiyar a ɗakin kwamfuta.

"Farfesa, ko dai na juya lambobin gorunan ne?"

Ta duba, ta ce, "Ba ka juya ba, Malam. Jawo kujera."

Abin da ta bayyana mini a daren nan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Teku na riƙe da kabon wajen tan biliyan 38,000, fiye da ninki arba'in na wanda ke sararin sama, kuma yana riƙe da shi tun kafin a haƙo kwal na farko. Tsirran nan da na gani suna zuƙar kabon a sama inda rana ke kaiwa, su mutu ko a cinye su, ragowarsu ta nutse, ƙwayoyin halitta su ruɓar da ita a ƙasa, kabon ɗin ya koma cikin ruwa a can. Shekaru dubbai ana haka. Namu kuwa ɗan ƙari ne a kan wannan tarin, ko a saman teku bai wuce kashi uku cikin ɗari ba, kuma ba shi da tambari. Kabon da ya fito daga salansar mota da wanda ya fito daga mataccen tsiro, na'urata ba ta bambance su.

To yaya ake raba su? Da ragi, in ji ta, kamar mai warware gado. Ruɓewa na cin oksijin, kuma an san gwargwadonta: duk oksijin goma da ya ɓace, kabon wajen bakwai ya shigo. Ke nan in ka san oksijin nawa ruwan ya rasa tun rabuwarsa da sama, ka san kabon nawa ruɓewa ta zuba masa, sai ka cire. Ɓawon alli ma na narkewa a ƙasa ya ƙara nasa, shi kuma ana gane shi ta auna ƙarfin ruwan na kashe tsami, abin da na riƙa kira kanwar ruwa a littafina. Ka cire wannan ma. Abin da ya rage shi ne kabon da ruwan ya ɗauko daga iska ranar da ya yi sallama da sama. Sai ka kwatanta shi da abin da ruwa mai wannan sanyi da wannan gishiri zai ɗauka a zamanin da iskar kabon take kashi 280 cikin miliyan, kafin masana'antu. Rarar ita ce tamu. Tun ƙarshen shekarun 1970 Peter Brewer, da kuma Chen da Millero, suka fara wannan lissafi, Nicolas Gruber da abokan aikinsa suka gyara shi a 1996.

Nan na fahimci dalilin da ya sa muke jeruwa a bayan gora ɗaya. Lambata ita kaɗai ba ta cewa komai. Sai an haɗa ta da ta mai oksijin, da ta mai kanwa, da ta matashiyar nan mai CFC da kullum take gaba da kowa da sirinjinta na gilashi.

Aikinta ya fi na kowa burge ni. CFC iska ce da ba ta da wata mahaifa sai masana'anta. An fara ƙera ta a shekarun 1930 don firji, yawanta a sama ya yi ta hauhawa, har aka gano tana huda rufin ozon, iskar da ke kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don a daina. An san nawa take a sama kowace shekara. Saboda haka duk ruwan da aka same ta a cikinsa, ya taɓa sama a zamaninmu, kuma yawanta na nuna kusan yaushe. Agogo ne da muka jefa cikin teku ba da niyya ba. Tun da CFC ta fara raguwa a sama, suna haɗawa da wata iskar, SF6, wadda ake zubawa a manyan na'urorin wutar lantarki. Ta nuna mini zanenta: CFC da yawa a sama, ta ragu, sannan can wajen mita 1,500 zuwa 2,000 ta sake kumbura. Wannan, in ji ta, ruwan Tekun Labrado ne, tsakanin Kanada da Girinlan, inda iskar hunturu ke sanyaya ruwan sama har ya yi nauyi ya nutse, ya tafi da duk abin da ya shaƙa. Ya ratso Atlantika a ƙarƙashin ƙafafunmu, da CFC ɗinsa da kabon ɗinmu.

Irin waɗannan wurare kaɗan ne a duniya, su ne maƙogwaron teku. Saman teku na daidaita da iska cikin kamar shekara guda, amma kafin ruwan ƙasa ya zagayo ya ga rana sai an yi ɗaruruwan shekaru, a wasu wuraren har dubu. Da Christopher Sabine da abokan aikinsa suka tattara awon shekarun 1990, daga tashoshi kusan dubu goma, suka buga a 2004 cewa daga 1800 zuwa 1994 teku ya shanye kabon ɗinmu tan biliyan 118, da yiwuwar ƙari ko ragin 19. Kusan rabinsa na cikin mita 400 na sama. Arewacin Atlantika, inda muke, kashi 15 ne cikin ɗari na faɗin teku, amma yana riƙe da kashi 23 na wannan kaya. Da aka sake bin layukan, Gruber da tawagarsa suka buga a 2019 cewa tsakanin 1994 da 2007 kaɗai an ƙara tan biliyan 34.

Daga nan iska ta taso mana. Kwana guda cur ba a saka keji a ruwa ba, jirgi ya juya hancinsa ga igiyar ruwa yana hawa yana sauka, duk abin da ba a ɗaure ba ya kama hanya. Jiri ya kwantar da ni rabin yini. Da na miƙe, na tarar na'ura ɗaya ce ba ta huta ba, wata da ke kusurwar ɗakin gwaji tana ta tsiyayar ruwa dare da rana.

Ita ce hanya ta biyu. Mu muna ƙidaya abin da ya taru a rumbu, ita tana leƙen abin da ke wucewa ta bakin ƙofa. Famfo na jawo ruwa daga ƙarƙashin jirgi, a fesa shi cikin wani rufaffen tulu har iskar ciki ta daidaita da shi, a auna kabon ɗin iskar, a kwatanta da na iskar waje da ake zuƙowa daga goshin jirgi. In na ruwa ya gaza na sama, teku na sha. In ya fi, teku na fitarwa. Sai a haɗa bambancin da ƙarfin iska, domin iska ce ke gaggauta musayar, kuma in gudunta ya ninka biyu, musayar kan ninka wajen huɗu. Ke nan guguwar da ta hana mu aiki, a gun teku lokacin babban shaƙa ne.

Na mayar da duba allonta al'adata kowace safiya. A arewa layin ruwa na can ƙasa da na iska, saboda sanyi da kuma tsirran da suka zuƙe kabon. Muna yin kudu, riguna na raguwa a jikinmu, dare ya dawo da taurarinsa, ruwa ya koma shuɗi garau, layukan biyu suka riƙa matsowa kusa. Wata safiya na tarar sun haɗu, bayan kwana biyu na ruwa ya haye sama. Tekun da na zo aunawa a matsayin mai shanye hayaƙi, ga shi yana fitar da shi a gabana. Dalilin zafi ne: duk digiri ɗaya da ruwa ya ƙara, yunƙurin kabon na ficewa na ƙaruwa da wajen kashi 4 cikin ɗari. In hunturu ya zo, wurin nan zai koma sha. A shekara kabon wajen tan biliyan 80 ke shiga teku, kusan haka kuma ke fita, ɗan ratar da ke tsakani ita muke farauta.

Wani masanin teku, Taro Takahashi, ya kwashe rayuwarsa yana tara irin wannan awo har ya zana taswirar inda teku ke sha da inda yake fitarwa. Yanzu akwai kundin SOCAT, mai ɗauke da awo sama da miliyan 30, da yawansu daga jiragen dakon kaya da aka ɗora wa na'urar. Sai dai jiragen kaya hanyar kasuwa suke bi. Wani abokin aikina da ya yi tafiye-tafiye a tekun da ke kewaye da Antatika ya gaya mini cewa wajen kashi 40 cikin ɗari na kabon ɗinmu da teku ke sha ta can yake shiga, amma da hunturu da wuya ka ga jirgi a wurin. Yanzu ana sakin na'urori masu nutsewa su taso da kansu duk kwana goma, su aika sakamako ta tauraron ɗan'adam. Duk da haka giɓin na da faɗi, da lissafi ake cike shi, kuma tsakanin abin da awo ke nunawa da abin da kwaikwayon teku a kwamfuta ke bayarwa akwai saɓanin ɗaruruwan miliyoyin tan a shekara.

Na tambaye shi, "To, ɗan'uwa, me ya sa ka yarda da kashi ɗaya cikin huɗun?"

Ya ce saboda shaidun ba su san juna ba. Ga mu masu goruna. Ga masu leƙen saman ruwa. Ga masu kwamfuta. Ga kuma Ralph Keeling, ɗan Charles David Keeling wanda ya fara auna iskar kabon a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yau ta haura 420. Shi ɗan ko jiƙa ƙafa bai yi ba, oksijin ɗin sama yake aunawa. Ƙona mai na cin oksijin. Itace in ya sha kabon yana mayar da oksijin, teku kuwa in ya sha ba ya mayarwa. Daga yadda oksijin ke raguwa sai a raba kason daji da na teku. Hanyoyi huɗu, kowace da rauninta daban, suka faɗo kusa da juna. Wannan ya gamsar da ni fiye da a ce lamba ɗaya ce tak babu mai musu.

Akwai abin da ya riƙa damuna a sauran kwanakin, kuma har yanzu bai sake ni ba. Mukan yi maganar teku kamar wani mai kyauta da ba ya gajiya. Tun 1957 Roger Revelle da Hans Suess suka nuna ba haka ba ne: in iskar kabon ta ƙaru da kashi goma a sama, abin da ruwan saman teku ke ƙarawa wajen kashi ɗaya ne kacal. Kabon in ya shiga ruwa tsami yake zama, kanwar ruwa ce ke kashe shi, kuma duk wanda ta kashe ta ragu. Ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko a saman teku daga wajen 8.2 zuwa 8.1. A ido kamar ba komai, amma ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin ɗari. Sinadarin da ake cinyewa kuwa shi ne wanda murjani da kawa da tsirran nan masu alli ke gina ɓawonsu da shi. Duk kwalbar da na cika daga goran sama, ina tuna ruwan nan mai fari na kudancin Aislan.

Daura da gaɓar Fotugal, ko da yake tana can nesa ba ma ganin ta, layin gishiri a allon kwamfuta ya yi tsalle a wajen mita 1,000. Ruwan Bahar Rum ne, mai ɗumi da gishiri, da ya malalo ta mashigin Jibralta ya shimfiɗu a tsakiyar Atlantika. Ƙasa da mita 4,000 kuma matashiyar CFC ta ce da kyar na'urarta ke jin ƙamshin komai. Na riƙe kwalbar wannan ruwa da hannu biyu. Rabonsa da ganin sama tun kafin a ƙera firji.

Ana saura tasha biyu mu gama, Baba ya buɗe wata tsohuwar jaka ya zaro takardu da suka yi ja don daɗewa. Kwafin rajistar wannan layin ne na shekarun 1990, da rubutun hannunsa a ciki, lokacin yana kamar shekaruna. Ya nemo tashar da muke kai, ya ajiye shafin kusa da nawa, bai ce komai ba. Na bi da yatsa daga ƙasa. Goran ƙarshe, na can gindin teku, lambarsa da tawa kusan ɗaya, bambancin bai fita daga kuskuren na'ura ba. Na hau sama kaɗan, haka. Daga wajen mita dubu lambobina suka fara tsere wa nasa, a hankali, sannan a fili, har na iso goran sama, inda ratar ta yi daidai da abin da ya lissafa mini a dare na biyu, kamar ɗaya ga kowace shekara.

"Baba, da ka bar kumfa a taka kwalbar fa?"

"Da yau ba ka da abin da za ka kwatanta da shi, ɗana."

Ya naɗe takardunsa ya mayar jaka. Aka buga ƙararrawa cewa keji ya kusa hawowa, muka sa takalman roba muka fita. Ruwan tashar ƙarshe na ɗiba da asuba, na ɗaga kowace kwalba a gaban fitila na juya ta kafin in toshe. Na rubuta lambar gora da zurfi da lokaci da manyan baƙaƙe, yadda wanda bai san hannuna ba zai iya karantawa, na sa hannu a ƙasan shafi. Daren da ya biyo baya fitilun Funshal, babban garin Madera, suka bayyana a jikin dutse, hawa bisa hawa, mu kuwa muna ɗakin gwaji da sauran kwalabe goma sha biyu da ba su shiga na'ura ba.